Ƙaramar tashar lantarki ta ƙauye: ta yaya ɗan rafi ke ba gari wuta?

Ɗalibar Lantarki:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abin da nake so masana daga cikinku su warware mini. Duk inda aka yi zancen wutar lantarki daga ruwa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙaton dam, da tafki mai faɗin gari guda, da ƙauyukan da aka tasa don a gina shi. To amma ana cewa akwai ƙauyuka a ƙasashe masu duwatsu da ke samun wutarsu daga rafin da yaro zai iya tsallakewa, ba dam, ba tafki. Ina ƙarfin yake fitowa? Sabuwar dabara ce ko daɗaɗɗiya? In kuma tana aiki, me ya hana ta cika duniya?

Tsohon Injiniya:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ƙarfin ba daga yawan ruwa kaɗai yake fitowa ba. Abu biyu ake haɗawa: yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan, da tsayin da zai gangaro kafin ya iso inji. Kuma ninka su ake yi, ba tarawa ba. Lita 100 a sakan da ta sauko daga tsayin mita 20, da lita 20 a sakan da ta sauko daga mita 100, ƙarfinsu ɗaya ne sak, kowanne ya kusa kilowat 20 a takarda. Sai dai ba duka ke isa gidajen mutane ba. Wani ya tafi a gogayyar ruwa da bututu, wani a farfela, wato wilin da ruwa ke juyawa, wani a bel, wani a janareto da wayoyi. A ƙaramar tasha in rabi ya iso hannu ko ya ɗan haura, an yi abin kai. Shi ya sa masu aikin ke da lissafinsu na ka: lita a sakan, sau mita, sau 5, ya ba ki wat. Misalin can na sama zai ba ki kilowat 10.

Yanzu ki bi ruwan da ƙafa. Can sama ana gina ɗan shinge na dutse da siminti a tsakiyar rafin, wani ma bai kai ƙugu ba. Ba tara ruwa ne aikinsa ba, ɗaga shi kawai yake yi ya karkatar da wani kaso zuwa bakin magudana, sauran ya tsallake ya ci gaba da tafiyarsa. Magudanar za ta bi gefen tudu kusan a kwance, shi kuwa rafin yana ta sauka. Bayan 'yar tafiya sai ki ga ruwan magudana yana sama, rafin yana can ƙasa. Wannan tazarar ita ake nema. A hanya akwai kwarmi mai faɗi inda ruwa ke rage gudu don yashi ya kwanta. A ƙarshen magudanar akwai ƙaramin tanki da rariyar ƙarfe mai tare ganye da itace, daga nan ruwan ya shiga bututu ya miƙa ƙasa zuwa ɗakin inji. Kowace mita 10 ta tsayi tana ƙara matsin da ya kai kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Ruwan ya fito ta ƙaramin baki da ƙarfin gaske, ya bugi farfela, farfela ta juya janareto, shi kuma ya koma rafinsa. Ko ɗigo ba a ƙona ba.

Ɗalibar Lantarki:
Na gode, Baba. Ke nan babban kogi da ke tafiya a fili shimfiɗaɗɗe bai kai ƙaramar ƙorama ta kan dutse amfani ba?

Tsohon Injiniya:
Ga ƙauye, sau da yawa haka ne. Kogin fili yana da ruwa amma ba shi da tsayi, sai an nemi ƙaton inji mai haɗiye ruwa da yawa, ko a gina dam don a ƙirƙiri tsayin. Nan ne kuɗin ke fin ƙarfin ƙauye.

Malamin Tarihi:
Bari in ɗauki ɓangaren da ya shafe ni, tunda ta tambayi ko sabon abu ne. Ba sabo ba ne ko kaɗan. Hasali ma da ƙananan aka fara, manyan damadaman nan daga baya suka zo. Shekaru fiye da 2,000 ke nan mutane na sa ruwa ya juya wili don niƙa, kuma shingen da magudanar da Baba ya kwatanta gadon waɗancan gidajen niƙan ne. Abin da ƙarni na 19 ya ƙara shi ne farfelar ƙarfe mai gudu da janareto. Benoît Fourneyron na Faransa ya haɗa farfelarsa a 1827. A Amurka James Francis ya gyara tasa a ƙarshen shekarun 1840 a garin Lowell mai masaƙu, Lester Pelton kuma ya sami rajistar tasa a 1880, bayan ya ga irin buƙatar masu haƙar zinariya a Kalifoniya.

Wutar kanta kuwa, a 1878 William Armstrong ya kunna fitila da ƙarfin ruwa a gidansa na Cragside da ke arewacin Ingila. Wannan gidan attajiri ne, ba na jama'a ba. Na jama'a ya zo a 1881 a ƙaramin garin Godalming, nan Ingila, inda aka haɗa janareton Siemens da wilin ruwa na wata majema a kogin Wey aka haskaka tituna. A ranar 30 ga Satumba 1882 kuma aka kunna ta garin Appleton da ke bakin kogin Fox a Amurka. Ƙarfinta kilowat 12.5 ne kacal, ta ba masana'antar takarda da gidan mai ita, H. J. Rogers, wuta. Ku duba, tashar da ake sa wa suna a littattafan tarihi ba ta wuce ta ƙauye ta yau girma ba.

Wani abin lura: ta Godalming ba ta daɗe ba. Kogin bai riƙa ba da ƙarfi daidai ba, masu sayen wutar kuma ba su yi yawa ba, a 1884 garin ya koma fitilun iskar gas.

Mai Sola:
Malam, ka gama magana da wannan jimlar taka ta ƙarshe. Shekara 3 ta mutu. Ni da girmamawa ga Baba, amma a ganina wannan fasahar zamaninta ya wuce. Sola ba ta da abin da ke juyawa balle ya ci boris, ba ta son giris, ba ruwanta da yashi, ba sai an tara gari an yi ta taro kan wa zai share magudana ba. Kowa ya kafa tasa a kan rufinsa, in ta lalace shi ta shafa. Kuɗinta kuma ya faɗi warwas a shekarun nan. Me zai sa a je a fasa dutse?

Tsohon Injiniya:
Ɗana, ba na faɗa da sola, inda babu gangare ita ce amsa. Amma ɗauki alƙalami. Kilowat 10 na ruwa yana aiki dare da rana, awa 24, ya ba ka yunit 240 a yini, yunit ɗaya shi ne kilowat 1 na tsawon awa guda. Faifan sola na kilowat 1 a wuri mai rana sosai yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Ke nan kafin ka kamo wancan ɗan rafin sai ka jera kilowat 50 ko fiye, sannan ka sayi batiran da za su riƙe na dare, waɗanda kuma ka san suna da wa'adi. Ita farfela in ana kula da ita, jikokin wanda ya kafa ta za su gan ta tana juyawa. A Turai akwai injinan da suka haura shekara 80 suna aiki.

Mai Sola:
“In ana kula da ita.” Ai nan gizo ke saƙar, Baba.

Makanikin Janareto:
Bari in shigo ta inda hannuna ke taɓawa. Malamin Tarihi bai faɗi wani abu ba game da ta Appleton: a farkonta wutar hawa da sauka take yi, ƙwayayen fitila suna ta ƙonewa, domin babu abin da ke daidaita gudun injin. Wannan ita ce babbar matsalar ƙaramar tasha har shekaru da yawa bayan nan, kuma ya kamata ƙanwarmu ta fahimce ta.

Janareto mai ba da wutar gida dole ya riƙe gudu ɗaya. Irin wanda aka fi samu, zagaye 1,500 yake yi a minti don ya ba da wuta mai bugu 50 a sakan. To ruwa yana turo ƙarfinsa ba ya tambaya ko ana buƙata. Da magariba kowa ya kunna fitila, nauyi ya hau kan injin, gudunsa ya ragu, wuta ta dusashe. Tsakar dare kowa ya kashe, nauyi ya sauka, injin ya zabura, wuta ta yi sama ta ƙona abin da ya rage a kunne. Manyan tashoshi suna da na'urar da ke ƙara ruwa ko rage shi da kanta, amma tana da tsada, tana da sarƙaƙiya, gyaranta ba na kowa ba ne.

Dabarar da ta ceci tashoshin ƙauye ita ce a bar ruwan yadda yake, a daidaita nauyin. Akwai ɗan akwatin lantarki da ke sa ido a kan gudun janareto. Da zarar gari ya rage shan wuta, sai ya juya rarar zuwa wasu hitoci da ke cikin tankin ruwa. Gari ya ƙara sha, ya janye daga hitocin. Shi janareto kullum nauyi ɗaya yake ji, bai ma san abin da ke faruwa ba. Ba abin da ke motsi a cikin akwatin. Ni a wajena wannan akwatin ya fi farfelar kanta muhimmanci a tarihin abin nan.

Ɗalibar Lantarki:
Yaya, ke nan wutar da ba a sha ba zubar da ita ake yi a dafa ruwa kawai? Ba asara ba ce?

Makanikin Janareto:
Asara ce, kuma ita ce ke raba tashar da za ta rayu da wadda za ta mutu. In fitilar dare kaɗai gari ke kunnawa, awa 4 ko 5 ake sayarwa, sauran awowin duk a hita suke ƙarewa. Kuɗin da zai shigo ba zai sayi bel ba. Amma in da rana akwai injin niƙa, akwai mai walda, akwai mai tsaga katako, akwai firjin asibiti, to tashar tana ciyar da kanta. Mai hankali kafin ya zuba siminti yake neman masu sana'ar da za su sha wutar rana.

Mai Sola:
Duk na ji. To a ba ni amsar rani. Rafin da ke ruri a damina, a ƙarshen rani zare ne. Lissafin yunit 240 ɗin nan na wata nawa ne a shekara?

Tsohon Injiniya:
Wannan tambayar ta fi duk wadda ka yi nauyi, kuma yawancin tashoshin da na gani a mace nan suka faɗi. An zo da damina, an ga ruwa, ido ya rufe, an sayo babban inji. Rani ya yi, ruwan bai isa ya cika bututu ba, iska ta shiga, inji ya tsaya.

Ƙa'idar ita ce a auna rafi a ranar da ya fi talauci, ba ranar da ya fi wadata ba. Kuma awon ba ya son kayan tsada. In ƙorama ce ƙarama, a karkatar da ita cikin bokiti ko duro da aka san cinsa, a duba agogo. In ta fi haka, a sami wuri miƙaƙƙe, a auna faɗi da zurfi, a jefa abu mai iyo a ga sakan nawa zai yi ya ci mita 10, sannan a rage wani kaso domin ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. Masu kayan aiki suna zuba gishiri a sama su auna yadda ya narke a ƙasa. Tsayi kuma doguwar tiyo mai haske cike da ruwa ta isa, ana bi mataki-mataki, ko a ɗaura geji mai auna matsin ruwa a ƙarshenta. A maimaita awon tsawon shekara guda aƙalla. Sannan, wanda matasan injiniyoyi ke rainawa, a zauna da tsofaffin garin a tambaye su shekarar da rafin ya fi ƙafewa a saninsu, da inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa. Amsar farko ita ke faɗa maka girman inji, ta biyu ita ke faɗa maka inda ba za ka gina ɗakin inji ba.

Rafin da ke ƙafewa ƙaf, ba na tasha ba ne. Wannan kam na bar maka shi, ka kafa solarka.

Manomin Rani:
Ni tawa damuwar daban ce. Baba ya ce ko ɗigo ba a ƙonawa, gaskiya ne. Amma tsakanin inda aka ɗebi ruwan da inda aka mayar da shi fa? In tazarar ta kai kilomita guda, duk mai lambu a wannan tsakanin ya shiga uku, haka mai shayar da dabba, haka kifi. Kuma lokacin da injin ya fi ƙishin ruwa shi ne lokacin da shuka ta fi ƙishinsa. Wa za a ba?

Tsohon Injiniya:
Kana da gaskiya, Malam, kuma ba amsar injiniya ba ce kaɗai. Ta fuskar gini, ana barin wata kafa a jikin shingen da ba mai iya toshewa, don kada rafin ya taɓa bushewa, ƙasashe da yawa ma doka ce. Ta fuskar zama kuwa, sai an yi yarjejeniya tun kafin a haƙa ramin farko: awa kaza na ban ruwa, awa kaza na inji. Wani wurin magudanar tashar ce ma ke kai ruwa gonakin da da can ba ya hawa.

Ma'ajiyar Ƙungiya:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ina karantawa, maza suna ta zancen ƙarfe. Ni na riƙe asusun ƙungiya, kuma ina gaya muku abin da ke kashe kayan jama'a ba tsatsa ba ce, littafin kuɗi ne. Mai Sola ya taɓo gaskiya da ya ce “in ana kula da ita”, sai dai ni ban ɗauke ta a matsayin dalilin guduwa ba.

Ku lissafa aikin. Kullum sai wani ya je ya kwashe ganye daga rariya, lokacin zubar ganye ma safe da yamma. Sai an buɗe kwarmin yashi an wanke, musamman bayan ruwan sama. Sai an bi magudana an ga inda ta tsage ko ƙasa ta zaftaro. Sai an sa giris, an duba bel, an rubuta abin da mita ta nuna. Wannan aikin mutum ne mai iyali, ba na sa kai ba. Ranar da aka ce “ai na gari ne, kowa ya taimaka”, ranar aka fara binne ta. A ɗauki mutum biyu, a koya musu, a biya su albashi daga kuɗin wuta, don in ɗaya ya yi tafiya kada gari ya kwana a duhu.

Na biyu, kuɗin wata-wata dole ya wuce albashi. Sai an ware wani abu ana ajiyewa don ranar da boris zai tafi ko ambaliya ta cinye shinge, domin wannan ranar tana nan tafe. Na uku, wanda ya fi ɗaci: wanda bai biya ba a yanke masa, ko ɗan wane ne. In aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa don girmansa, wata mai zuwa mutum goma ne ba za su biya ba. Kuma a sa mata a kwamitin. Su ne ke zaman niƙa, su ne ke shaƙar hayaƙin fitila, sun fi kowa sanin abin da za a rasa in ta tsaya.

Makanikin Janareto:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. In ƙara a kan taki: inda ba a iya sayen mita ga kowane gida, ana sa ɗan makunni mai yanke wuta da kansa in gida ya ja fiye da abin da ya biya. Ba don shi ba, mutum ɗaya zai jona dutsen guga da hita ya durƙusar da unguwa.

Malamin Tarihi:
Maganar Hajiya tana da shaida a ƙasashen da abin ya kankama. Ku ɗauki Nefal. Tasharsu ta farko, Pharping, an buɗe ta a 1911 kusa da Kathmandu, kilowat 500, amma wutar ta fadar masu mulki ce da manyan gari. Talakan kan dutse bai gan ta ba. Abin da yake da shi shi ne gidan niƙa na ruwa irin na kakanni, dubbai a faɗin ƙasar. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 aka fara ƙera ƙananan farfelu a cikin ƙasar, a Balaju da Butwal, da taimakon ƙwararru daga waje. Da farko niƙa da matsar mai suke yi, daga baya aka riƙa ɗaura musu janareto don fitilar dare. A 1996 gwamnati ta kafa AEPC, hukumar bunƙasa wasu hanyoyin samar da makamashi, don irin wannan aikin, yau ƙananan tashoshin ƙasar sun kai dubbai. Ku lura da jerin: sana'a ta riga fitila, maƙeri na gida ya riga tallafi.

A Chitral da ke arewacin Pakistan, shirin raya karkara na Aga Khan ya taimaka an kafa ƙananan tashoshi fiye da 180, mutanen ƙauyukan ne ke haƙa magudanar da hannunsu kuma su ke gudanarwa. A Indunusiya akwai Tri Mumpuni da ƙungiyarta IBEKA, wadda ta sami lambar yabo ta Magsaysay a 2011 kan wannan aikin. A ƙauyen Cinta Mekar da ke yammacin Java, tashar kilowat 120 ta riƙa sayar wa kamfanin lantarki na ƙasa wuta, ƙungiyar ƙauyen tana da kaso a ciki, ribar tana tafiya karatun yara da lafiya da jarin sana'a. A Kenya ma akwai Tungu-Kabri a gindin Dutsen Kenya, kilowat 18, wadda mutanen wurin suka sayi hannun jari suka kuma yi aikin ginin.

Mai Sola:
Malam, waɗannan su ne waɗanda suka yi nasara, shi ya sa ka san sunayensu. Waɗanda ciyawa ta rufe ba wanda ya ba su lambar yabo. Kuma a Nefal ɗin da kake faɗa, girgizar ƙasa ta 2015 ta lalata da yawa, wasu kuma an watsar da su da babban layin gwamnati ya iso ƙauyen.

Malamin Tarihi:
Haka ne, an yi duka biyun. Amma girgizar ƙasa ba ta zaɓar abin da za ta rusa. Batun isowar babban layi kuwa, shi ya sa na kawo Cinta Mekar: in doka ta yarda ƙaramar tasha ta jona ta sayar, isowar layin kasuwa ce ta zo mata, har wutar da ke ƙarewa a hita ta zama kuɗi. In doka ba ta yarda ba, sai ta zama kufai. Wannan hukuncin a ofis ake yanke shi, ba a bakin rafi ba.

Mai Sola:
Ban sauka daga matsayina ba. Ƙauye 10 in ka ɗauko, watakila 1 ne ke da rafin da ya dace, rana kuwa kowa na da ita. Abin da zan yarda da shi shi ne haɗin gwiwa: lokacin da ruwa ya ja baya shi ne lokacin da sama ta fi washewa, sai faifai su cike giɓin.

Ɗalibar Lantarki:
Yaya Makaniki, an ambaci Pelton da Francis. Ta yaya ake sanin wadda za a sa?

Makanikin Janareto:
Wurin ne ke zaɓa, ba mai saye ba. In tsayi da yawa ruwa kaɗan, Pelton: wili ne da aka jera wa cokula masu tsaga a tsakiya, ruwa ya fito siriri kamar yadda yake fita in kin danne bakin tiyo da yatsa, ya bugi tsagar ya rabu biyu ya juyo baya, ya bar kusan duk ƙarfinsa a jikin wilin. Akwai 'yar uwarta Turgo da kamfanin Gilkes na Ingila ya fito da ita a 1919, tana karɓar ruwa fiye da Pelton mai girmanta. In tsayi kaɗan ruwa da yawa, sai mai kama da fankar jirgin ruwa, irin ta Viktor Kaplan ta 1913. Francis tana tsakiya, amma ƙirarta tana son babbar masana'anta.

Wadda ƙauye ya fi so ita ce mai siffar ganga a kwance, ruwa ya shiga ta gefe ɗaya ya ratsa cikinta ya fita ta ɗayan, ya bugi fukafukan sau biyu. Anthony Michell na Ostireliya da Donát Bánki na Hangari kowanne ya ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 20. Ba ta kai sauran tatse ƙarfin ruwa ba, amma fukafukanta daga bututun ƙarfe ake yanko su, mai walda da ya san aikinsa zai haɗa ta, zai kuma gyara ta. Ko ruwa ya ragu tana ci gaba da aiki, ganyen da ya maƙale kuma ruwan da ke fita ne ke wanke shi. Inda kuɗi ya yi ƙaranci ƙwarai, ana juya famfon ruwa ya yi aiki da baya ya zama farfela, a sa wa motar lantarki ta kasuwa kafasito, wata 'yar na'ura mai riƙe caji, ta zama janareto.

Ɗalibar Lantarki:
To in kuɗi bai isa ba, a ina ake iya tsuke hannu? Na ga kamar bututun ne zai fi cin kuɗi, ba za a sa siriri ba?

Tsohon Injiniya:
A'a, 'yata, ko'ina ban da nan. Gogayyar ruwa a bututu ba a hankali take ƙaruwa ba. In kika rage faɗin bututu zuwa rabi kika ce ruwa ɗaya zai bi, asarar tana ninkuwa kusan sau 30. Tsayin da aka sha wahalar haƙa magudana don a samu, sai ya ƙare a cikin bututun kafin ya ga farfela. Ana zaɓar faɗin da asarar ba za ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na tsayin ba. In ana son sauƙi, a sa na roba mai kauri a sama inda matsi bai yi yawa ba, a binne shi don rana, a sa na ƙarfe a ƙasa, a ɗaure kowace kwana da tubalin kankare. Haka ɗakin inji kada ya yi nisa da gari, in ya wuce kilomita 1 ko 2 sai an nemi taransifoma, in ba haka ba wutar a waya za ta ƙare.

Kuma duk wanda za a ba makullin ɗakin, abu na farko da za a koya masa shi ne kada ya taɓa rufe bawul, wato makullin ruwan bututu, da sauri. Ruwan da ke cikin dogon bututu tan-tan ne masu gudu. In aka tare shi farat ɗaya, matsin yana tashi ya koma sama da bugu, ya iya fasa bututun ko ya tumɓuke shi daga mazauninsa. Shi ya sa ake sa bawul mai wili wanda sai an yi ta murɗawa kafin ya rufe, a Pelton kuma akwai ɗan ƙarfen da ke kautar da ruwan daga cokulan nan take, a sami sararin rufewa a hankali.

Makanikin Janareto:
A haɗa masa da na biyu, Baba: in hita ɗaya ta ƙone a tankin can, a canza ta a ranar. Rarar wuta in ta rasa inda za ta, gidajen mutane take nufa.